Tumbina da Igiyar Auren Yaya

Ban san wani mutum da ya gudo daga yaƙi ya ƙara ƙiba ba sai ni. Mutanen da muka fito tare daga Madani a ƙarshen shekarar 2023, duk wanda na haɗu da shi bayan wata uku a kasuwar Gadarif sai in ga wuyansa ya yi tsawo, jallabiya tana rawa a jikinsa. Ni kuwa tela ya ƙara wa tawa ƙyalle gefe da gefe har sau biyu, a na uku ya ce in sayi sabon yadi in daina wahalar da shi. Dama can ni ba siriri ba ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina gasa agashe, tsiren nan da aka san Hausawa da shi a ƙasar nan, kuma mai gasa nama dole ya ɗanɗana, ni kuwa ɗanɗanona yakan kai tsinke biyar kafin in yanke hukunci. Amma abin da ya same ni a Gadarif ya wuce ɗanɗano, kuma mijin yayata ne ya jawo shi.

Gidansu na sauka ni kaɗai, don matata da yara sun zarce Showak wurin iyayenta inda akwai ɗaki. Yaya ta girme ni da shekara takwas, ita ta goye ni, kuma har yau idan ta kalle ni ta gefen ido sai in gyara zama. Mijinta, wanda kowa ke kira Alhaji, manomin riɗi da dawa ne, gonarsa tana hanyar Hawata. Siriri ne ƙwarai. Loma uku yake yi ya ce alhamdu lillahi, sannan ya jingina ya sa wa sauran mutane ido, don abincinsa na gaskiya shi ne ya ga wani yana ci. Idan baƙo ya janye hannu daga siniya, babban tiren nan da muke taruwa a kai, Alhaji ba ya roƙo sau biyu. Ɗaga yatsa yake yi ya kawo rantsuwar da ya koya wurin maƙwabtanmu Larabawa, ya ce, "Alayya ɗalag, sai ka cinye." Wato idan ba ka cinye ba, matarsa ta saku.

Maza da yawa suna wannan rantsuwa a nan, kuma yawanci ba abin da ke faruwa, don baƙo yakan ci a zauna lafiya. Alhaji ne Allah ya haɗa shi da masu taurin kai har sau biyu. Na farko wani ɗan kasuwar Gallabat ne da motarsa ta fara tafiya, ya ajiye lomar da ke hannunsa ya bi ta da gudu. Na biyu wani bawan Allah ne mai ramuwar azumi, da ya ƙi shan shayi da hantsi. Duk sau biyun limamin unguwa ya zauna ya saurara, ya ce saki ya auku, aka mayar da aure. A na biyun ya riƙe hannun Alhaji ya ce masa, "Saura igiya ɗaya. Idan ta tsinke, ba mai iya ƙulla muku ita."

Tun daga nan unguwar ta ɗauki auren Yaya amana a wuyan kowa. Mai kawo mana ruwa a kan jaki ya taɓa cin abincin rana sau biyu a jere don kawai ya shigo a lokacin da bai dace ba. Wanda ya ƙoshi a gidansa yakan canza hanya, ya zagaya ta bayan masallaci. Ba wanda ya taɓa tunanin hana Alhaji rantsuwa, kowa ci yake yi. Sai ga ni na zo na zauna a cikin gidan, safe da rana da yamma, da cikin da bai taɓa cewa a'a ba.

Wata na biyar da zuwana, ina tsaye ina fifita garwashi a bakin tashar mota inda na kafa teburina, sai na ga tashar ta karkata gefe ɗaya. Na farka a kan benci ana yayyafa mini ruwa. Likitar da aka kai ni wurinta ita ma gudowa ta yi daga Khartum, ƙaramar mace ce mai magana a hankali, irin maganar da ta fi tsawa ban tsoro. Ta ce sukari ya hau, jini ya hau, kuma nauyin nan sai an sauke shi. Babu sukari a shayi, babu kayan zaƙi, tafiya kowace safiya, tuwo kuma kada ya wuce dunƙulen hannu. Na dunƙule hannuna na duba, na ga ba laifi, ana iya rayuwa da shi. Ta ce, "Ba naka ba, ya hajj. Nawa." Ta nuna mini wani ɗan abu da bai fi ƙwan agwagwa ba. Sannan ta ce idan na ƙi ji, ciwon zai fara da ƙafa ko ido, kuma ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

Na ji tsoro, tsoro na gaske. Na koma gida na faɗa musu. Yaya ta ce to, ta nemo wani ɗan kwano ta ware mini. Alhaji ya sha mur, amma har kwana goma sha biyar bai ɗaga yatsa ba. Na fara jin jikina sakayau, na fara ganin yatsun ƙafata ba tare da na sunkuya sosai ba. Sai ranar wata Juma'a, muna fitowa daga masallaci, wani tsoho ya kama damtsena ya matsa, ya juya wurin Alhaji a gaban jama'a ya ce, "Ya Hajj, dawa ba ta yi ba ne bana? Baƙonka ya zube."

Da wasa tsohon ya faɗa, amma a lokacin ba gidan da ba shi da 'yan gudun hijira, kuma da jikin baƙo ake gane mai gida. Idan wanda ka sauka ya rame, ba mai cewa likita ne, cewa za a yi ka gaji da shi. Da yammar nan na ci ɗan rabona na miƙa hannu wurin buta, sai na ga yatsan Alhaji ya tashi. Ya turo mini babban kwanon da ke tsakiya ya yi rantsuwarsa. Na dubi kwanon, na dubi ƙofar ɗakin girki inda Yaya take goge tukunya, na ci. Na cinye tas ina jin haushinsa, shi kuwa yana murmushi yana ce mini, "Kwayyis, madalla, haka nake so."

A bencin asibiti na haɗu da abokan wahalata guda biyu. Ɗaya malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ya gudo daga Umdurman, muna ce masa Ustaz. Ɗayan direban tarakta ne ɗan gari, wanda ya ce abin da ya kawo shi shi ne sitiyari ya daina juyawa sai ya ja numfashi ya riƙe. Ustaz mutum ne da ba ya iya ganin mutum uku a zaune bai kafa kwamiti ba. Nan take ya ce mun zama lajna, wato kwamiti, shi ne shugaba, direba mataimaki, ni kuma jama'a. Dokoki biyu ne: tafiya bayan sallar asuba, awo ranar Alhamis.

Ranar farko muka kama hanyar Kassala, ƙattai uku, muna sauri, fuska a ɗaure, don Ustaz ya ce tafiyar da ba ta sa haki ba yawo ce. Wata mata da ke shara a ƙofar gida ta ɗaga kai ta gan mu. Ta jefar da tsintsiya ta faɗa ciki, ta fito da ƙunshin kaya a ka da yara biyu a hannu. Kafin mu kai famfo na biyu, mutum ya fi ashirin a bayanmu, har da tsoho a kan amalanke. Wani ya cim mana yana haki ya ce, "Mayaƙan sun iso ne? Ta wace hanya?" Ustaz ya tsaya ya gyara gilashi ya ce, "Riyada muke yi, ɗan'uwa, motsa jiki." Matar nan ta sauke ƙunshinta ta wanke mu tas, da Larabci da Hausa, kuma gaskiya gare ta. Sau biyu ta taɓa gudu kafin ta iso Gadarif, ta ce, kuma duk sau biyun da ganin masu ƙiba suna sauri ta gane lokaci ya yi. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar nan ba.

Daga nan lajna ta yanke cewa za a riƙa tafiya a hankali ana murmushi, kuma kowa ya riƙe wani abu don a san da dalili. Direba ya ɗauki jarka babu komai a ciki, Ustaz ya saƙala jarida a hammata, ni na riƙe mafici. To amma mai tafiya a hankali a garin nan kowa yana iya tsayar da shi. Masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, suna tsayawa su ce mu hau kyauta, su yi fushi idan mun ƙi. Kowace ƙofa da mai cewa, "Itfaddalu, bisimillanku, shayi." Ranar da muka yi sa'a, kofi biyu kawai muke sha. Da damina ta sauka kuma, baƙar lakar Gadarif ta shiga lajna ita ma, tana manne wa takalmi har sai ƙafa ta yi nauyin tubali, Ustaz yana cewa wannan ƙarin motsa jiki ne kyauta daga Allah.

Awo kuwa, da yake ma'aunin asibiti ya lalace, a kasuwar amfanin gona muke yi, a kan sikelin da ake auna buhunan riɗi. Mai awon abokin direba ne, kuma bai iya aikinsa da ƙaramar murya ba. Idan na hau, sai ya tura ƙarfe ya daidaita, ya ɗaga kai ya sanar wa duk rumfar yadda yake yi wa buhu, da ma'aunin nan na kantar, mai raɗal ɗari: "Kantar biyu da rabi da raɗal shida." 'Yan dako su yi dariya, wani dillali ya tambaya ko na bana ne ko na bara. Na haƙura da duk wannan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Alhamis huɗu a jere nauyin Ustaz yana sauka, na direba yana sauka, nawa yana hawa. Duk abin da na zubar a hanyar Kassala da safe, Alhaji yana mayar mini da shi da riba kafin magariba.

Lajna ta zauna a ƙarƙashin bishiya. Ustaz ya zana da tsinke a ƙasa ya nuna mana cewa idan aka raba kwano ɗaya ga mutum uku, kowa sulusi zai ci. Don haka su biyun za su riƙa faɗowa gidanmu daidai lokacin abinci su taya ni. A lissafi ba kuskure. Abin da Ustaz bai sa a ciki ba shi ne Alhaji. Da ya ga baƙi biyu masu jiki sun yi sallama, fuskarsa ta washe, ya aika aka kayar da rago, ya sa aka ƙara kisra, wainar dawar nan mai faɗi, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowa da rantsuwarsa. Direba ya ci har ya kasa tashi sai da aka miƙa masa hannu. Alhamis ɗin nan duk mu uku nauyinmu ya hau, matar direba kuma ta hana shi bin layinmu.

Na koma ɓuya. Na daina zuwa gida da rana, ina zama a tasha ina cin ganyen jirjir da ɗan nama marar kitse. Kwana uku na samu. A na huɗu sai ga raksha ta tsaya a gaban teburina, Alhaji ya fito rungume da siniya an lulluɓe ta da mayafi. A gaban fasinjojin Showak da masu shayi da 'yan kamasho ya yi rantsuwar. Jama'a suka zagaye ni, waɗanda suka san labarin suna faɗa wa waɗanda ba su sani ba, kowa yana ba ni baki: "Ci, ya zol, bawan Allah, kada ka kashe wa yayarka aure." Wata tsohuwa har da tofa mini addu'a. Na zauna a bakin titi na cinye, hawaye na zuba a cikin miya, aka watse ana sa mini albarka. Na je na roƙi liman ya yi wa Alhaji nasiha. Ya karɓa, ya shiga gidan da niyya mai kyau bayan la'asar, ya fito bayan awa ɗaya yana tafiya a hankali da hannu a kan ciki, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ƙarshen damina, wata rana da yamma ina kwashe kayan aiki, matar da ke sayar da shayi a gefena ta ce tana jin ƙaurin wani abu. Muka duba, ashe garwashi ne ya faɗo a kan ƙafata, tsakanin madaurin takalmi, ya ci fata ya huce a wurin, ni ban sani ba. Likita ta wanke ta ɗaure, ta ce ba ta da sabuwar maganar da za ta gaya mini. A gida Yaya ce ta karɓi wankin ciwon. Rana ta uku ta ɗora ƙafar a cinyarta ta ce in rufe ido.

"Kana jin hannuna?"

Na ce, "Ina ji, Yaya."

Ta ce, "Ban taɓa ka ba tukuna."

Ta naɗe ƙafar, ta ɗauki ƙwaryar ruwan ta fita. Ni kuwa na riga na yanke a raina cewa ba ni zan tsinke mata igiyar nan ba. Gidanta ne ya rufa mini asiri lokacin da ban da ko tabarma, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan da aurenta.

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya gama shigo da riɗinsa, ya tara mutane cin abinci a ɗakin baƙi. Liman yana nan, Ustaz yana nan, da manoma kamar goma. Na ci ɗan nama da miya na janye a hankali, ina fakewa bayan kafaɗar liman. Sai aka shigo da sha'iriyya, taliyar nan siririya da ake soyawa da man shanu a zuba mata sukari har ta yi ƙyalli. Alhaji ya cika faranti ya tsallake mutum uku ya dire shi a gabana. Ustaz ya fara cewa, "Ya Hajj, ma tahlif, kada ka rantse," amma ya makara. Yatsa ya riga ya tashi, maganar ta fita duka.

Na yi bisimilla na miƙa hannu. Sai labule ya ɗaga, Yaya ta shigo. Mace ba ta shiga ɗakin nan idan maza suna ci, ban taɓa ganin ta taka shi da baƙi a ciki ba. Ta ratsa tsakanin gwiwoyin mutane, ta sunkuya ta ɗauke farantin daga ƙarƙashin yatsuna.

"Ba zai ci ba," in ji ta.

Liman ya ce, "Hajiya, kin ji abin da ya faɗa kuwa?"

"Na ji, Malam. Kunnena lafiya lau."

Ta fita da farantin, muka ji ta juye wa kaji. Ba wanda ya motsa. Alhaji yana zaune da yatsansa a sama, ya manta bai sauke shi ba. Kafin baƙi su gama sulalewa ɗaya ɗaya, Yaya ta ɗaure kayanta a zane ta tsallaka gidan maƙwabciya, wata gwauruwa da ke bayan dangarmu.

Na bi ta ina ɗingishi, raina a ɓace. Na ce, "Yaya, me kika yi haka? Auren shekara talatin a kan faranti ɗaya? Da kin bari na ci, ai ba yau na fara ba."

Ta ce, "Zauna, kana taka ƙafar." Na zauna. Ta ce, "Shi idan ya sake ni, yana nan, gobe zan hango shi ta kan danga yana faɗa da mai ruwa. Kai idan ka tafi, ta wace danga zan hango ka? Mu bakwai uwarmu ta haifa, mu biyu muka rage." Na yi kuka a gidan mutane kamar yaro, ita kuwa ko ƙwalla, sai ma ta ce in tashi in je in ga ko mutumin nan ya sha ruwa.

Kwana goma sha biyu muka yi ni da Alhaji mu kaɗai. Ba wanda ya iya tuƙa tuwo a cikinmu. Ni ina gasa ɗan nama, shi ba ya cin komai, yana zaune a kan gado yana kallon danga. Ban taɓa sauka a sikeli irin na makon nan ba, har mai awo ya sake gwadawa, kuma ban ji daɗin ko raɗal ɗaya ba. Ustaz ne ya zo da labarin wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, shi ma ɗan gudun hijira, yana zaune a wata makaranta a can ƙarshen gari. Alhaji ya ce ba zai hau komai ba, da ƙafa zai je. Muka tafi mu uku, da liman na huɗu, ni a baya da sanda.

Mun sami tsohon a ajin da aka raba da zannuwa, iyali huɗu a ciki. Ya saurari komai, sannan ya tambayi Alhaji abu ɗaya: "Lokacin da ka rantse, rabuwa da ita kake so, ko so kake ya ci?"

Alhaji ya ce, "Ya maulana, ni in rabu da ita in je ina?" Muryarsa ta karye a nan.

Tsohon ya ce malamai sun saɓa a kan irin wannan. Akwai masu cewa saki ya auku, kamar yadda liman ya ɗauka, akwai masu cewa rantsuwa ce kawai idan ba rabuwar aka nufa ba, kuma shi da ta biyun ya yi aiki duk zamansa a kujera. Abin da ke kan Alhaji kaffara ce, ya ciyar da miskinai goma. Na ga idon Alhaji ya yi haske karon farko cikin kwana goma sha biyu. Ya ce, "Goma kawai?" Ya waiga ya dubi makarantar, aji bayan aji. Washegari da raguna uku ya koma. Liman ya ce Allah ne masani, ya karɓi fatawar, amma a hanya na ji yana yi wa Ustaz ƙorafin kwanonin da ya cinye cikin shekarun nan ba gaira ba dalili.

A hanyar dawowa ne Alhaji ya rage sauri har na cim masa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gidanka na Madani ban iya dawo maka da shi ba. Yaranka ban da ɗakin da zan sa su. Na duba duk abin da nake da shi, ban ga abin da zan ba ka ba sai abinci." Na so in ce masa na sani, na so in ce ya yafe mini zagin da na yi masa a zuci, amma sai kawai na riƙe hannunsa muka ci gaba da tafiya.

Yaya ba ta dawo da jin fatawa ba. Ta sa aka kira Alhaji bakin danga, ina tsaye. Ta ce, "Alƙalin nan bai san ka ba. Ya ce maka kowace rantsuwa ciyar da mutum goma ce, kai kuwa abin da kake nema ke nan, gobe sai ka yi biyar kafin azahar. To ga tawa fatawar. Ranar da ka sake rantse wa yaron nan a kan abinci, zan fita, kuma ba malamin da zai dawo da ni." Yaron nan ni ne, da furfurata da shekara hamsin da biyu. Alhaji ya ce ya ji. Ta miƙo masa ƙunshin kayanta ta kan danga ya karɓa.

Da yammar nan ta yi tuwo da miyar kuɓewa busasshiya. Muka zauna mu biyu a kan siniya, ni da ɗan kwanona. Na cinye rabona, na jawo buta. Na ga bakin Alhaji ya buɗe, na ga hannunsa ya fara tashi daga gwiwa, ya kama shi da ɗayan hannun ya danne. Ya dubi tuwon da ya rage, ya dube ni, sannan ya miƙe ya fita bayan ɗaki ba takalmi. Sai da Yaya ta kwashe kwanoni ya dawo, idanunsa jajur, ya ce hayaƙi ne ya shiga masa.

Ƙafar ta warke, ko da yake yatsu biyu ba su dawo da ji ba. Lajna tana nan, mun zama mu shida. Alhaji bai sake rantsewa ba ko sau ɗaya, amma har yau bai iya zama ya ga na janye hannu ba. Da na kai loma ta ƙarshe yake tashi ya zagaya baya, ya tsaya a rana shi kaɗai har in gama wanke hannu.